Birki Kafin Kwana: Abin da Keken Duwatsu Ke Koyarwa da Yadda Ake Amfani da Shi a Sana'a

Wasan hawa duwatsu da keke ya samo asali ne a yankin Marin na jihar Kalifoniya a Amurka, cikin shekarun 1970. Wasu samari, cikinsu har da Gary Fisher da Charlie Kelly da Joe Breeze, suka riƙa gyara tsofaffin kekuna masu faɗin taya suna gangarowa da su daga tsaunukan da ke kewayen Dutsen Tamalpais. A 1976 suka fara tseren Repack a wata gangara mai tsawon kusan kilomita 3 da ke sauka kimanin mita 400. Birkin waɗancan kekuna a cikin cibiyar tayar baya yake, kuma saboda yawan danne shi giris ɗin ciki yakan ƙone, sai an sake cusa sabo, abin da sunan Repack ke nufi ke nan da Turanci. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da keken duwatsu mai suna Stumpjumper, a 1990 aka yi gasar duniya ta farko a hukumance a garin Durango na Amurka, a 1996 kuma wasan ya shiga Olamfik a Atlanta.

Kayan aiki sun sauya ƙwarai tun daga lokacin, amma abin da ke kayar da mahayi bai sauya ba. Kusan kullum makara ce: ya makara wajen gani, ya makara wajen kama birki, ya makara wajen sauya giya ko cin abinci. Idan kuma ya makara sai tsoro ya karɓi ragama, abin da tsoro ke umartar jiki da shi a kan keke kuwa shi ne daidai abin da ke jefa mutum ƙasa. Saboda haka halin da wannan wasa ke koyarwa ba a samunsa ta hanyar jin wa'azi. Ana samunsa ne da maimaita ƙananan ayyuka har su zama jiki, kuma kowannensu yana da takwaransa a shago da ofis da gona.

Abin da ake yi tun a gida

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duba keke da yammacin jajibiri, don idan ka ga matsala ka sami lokacin zuwa wurin mai gyara.

Fara da iskar taya, domin nan ne sababbin mahaya suka fi kuskure. Mai faci ya saba cika taya har ta yi tauri, abin da ya dace da kwalta, amma a kan tsakuwa taya mai tauri tsalle take yi ba ta kama ƙasa. Ga mahayi mai nauyin kilo 70 da taya mai faɗin inci 2.3 ko 2.4 marar tib, fara da psi (wato ma'aunin ƙarfin iskar taya) 22 zuwa 24 a gaba, 25 zuwa 27 a baya. Idan da tib a ciki ƙara psi 3 zuwa 5, in ba haka ba bakin dutse zai matse tib da rim ya huda shi wuri biyu gefe da gefe. Sayi famfo mai agogo. Latsawa da yatsa ba ta nuna bambancin 24 da 30. A ƙasa mai ƙaya irin tamu, inda tsidau da ƙayar aduwa ke zube a hanya, taya marar tib mai ruwan toshe huji ta fi kwanciyar hankali. Ana zuba mililita 60 zuwa 120 a kowace taya, a kuma riƙa dubawa bayan wata biyu ko uku, domin zafi na busar da shi da wuri.

Idan keken na da shoka, saka duk kayan da za ka fita da su, ka hau a hankali ka sauka, sannan ka auna yadda ta nutse ta zoben robar da ke jikinta. Ta baya ta nutse kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na tsawon tafiyarta, wato milimita 14 zuwa 16 a shoka mai milimita 55. Ta gaba kashi 15 zuwa 20. Duba takalman birki: idan naman da ya rage bai kai milimita 1 ba, sauya su, kuma kada mai ko giris ya taɓa faifan birki, don takalman za su tsotse shi su daina kamu. Sarƙa tana da ma'auni na ƙarfe mai arha da ke nuna yadda ta cinye. A keke mai giya 11 ko 12 a baya, sauya ta idan ma'aunin ya nuna 0.5, mai ƙasa da haka, 0.75. Wanda ya ƙi sayen sarƙa a kan kari zai sayi haƙoran giya gaba ɗaya, kuɗinsu kuwa ya ninka nata sau da yawa. Lokacin hunturu, da ƙura ke manne wa mai, goge sarƙa da tsumma bayan kowace fita.

A wurin aiki, rubuta abubuwa biyar ko shida da idan ɗaya ya lalace aikin gobe ya tsaya, ka sa musu rana da mai dubawa. Tela ya kai keken ɗinki sabis makonni kafin azumi, ba ana saura kwana goma sallah ba. Mai injin niƙa ya ajiye bel na biyu. Ma'aikacin ofis ya kwafe muhimman takardu a wuri biyu. Jerin ya zama gajere, don dogon jeri mako biyu ake bin sa a watsar.

Ido

Keke yana bin ido. Idan dutse ya bayyana a tsakiyar hanya ka zuba masa ido don kada ka buge shi, kai zai juya wajensa, kafaɗa ta bi kai, hannu ya bi kafaɗa, sai ka ji tayar gaba ta daki dutsen. Masu tuƙa babur ma sun san wannan. Maganinsa shi ne ka ga dutsen sau ɗaya, ka san inda yake, sannan ka mayar da ido kan ratar da ke gefensa, daga nan kuma kan abin da ke gaba da ratar.

Gwada shi a fili. Ajiye gwangwani biyu da tazarar santimita 30, ka bi ta tsakaninsu kana kallon wani abu mai nisan mita 5 a bayansu. Yi sau goma, ka matso da su zuwa santimita 20, sannan 15. Daga baya ka yi sau biyu kana kallon gwangwani ɗaya da gangan, a hankali, don jikinka ya shaida abin da ke faruwa. Wannan shaidar ta fi duk wani bayani tasiri.

Nisan kallo kuma yana tafiya da gudu. Ka'idar ita ce ido ya riga taya da daƙiƙa 2 zuwa 3. A gudun kilomita 18 cikin awa keke na cin mita 5 duk daƙiƙa, ke nan idonka ya kasance mita 10 zuwa 15 a gaba. Mai kallon tayar gabansa komai zai riƙa zo masa ba zato, har hanya mai sauƙi ta zame masa abin firgita. Da ya ɗaga haɓa sai ya ji kamar gudun ya ragu, alhali lokacin tunani ne ya ƙaru.

Haka ake yi da matsala a sana'a. Bashi ya taso, ko babban abokin ciniki ya janye, ko an rage albashi. Mutum na iya kwashe mako yana juya girman abin a zuciya, yana ba kowa labari, bai taɓa tambayar ina mafita take ba. Ɗauki takarda. A layi biyu ko uku rubuta matsalar da lambobinta: nawa ne, na wane ne, yaushe wa'adi. Wannan shi ne kallon dutsen, kuma dole ne a yi shi, don wanda ya ƙi kallo kwata-kwata ma zai buge shi. Sauran shafin duka na mafita ne: wa za a kira yau, me za a iya sayarwa, wane kashe kuɗi za a dakatar, me za a nema a ɗaga.

Sannan ware awa ɗaya a mako don kallon nesa. Buɗe kalanda ka duba makonni shida zuwa takwas masu zuwa: kuɗin haya, kuɗin makaranta, shigowar damina, azumi, ranar biyan ma'aikata, ƙarewar lasisi. Mai ɗan tebur a bakin titi mako ɗaya ya ishe shi. Wanda ke saro kaya daga Legas ko Kwatano yana bukatar wata biyu ko uku. Kasuwanci da yawa suna rushewa ne daidai lokacin da suka fara gudu, saboda mai su ya ci gaba da kallon tazarar da ya saba kallo yana ƙarami.

Riƙo

A gangara tashi daga sirdi, ka sauke sirdin ƙasa idan zai yiwu. Feda biyu su daidaita, ɗaya gaba ɗaya baya. Nauyinka ya zauna a ƙafafu, diddige ya ɗan yi ƙasa, gwiwoyi da gwiwar hannu a lanƙwashe, haɓa a saitin kan keke, yatsa manuniya ɗaya a kan kowane birki. Hannu ya riƙe kan keke riƙon da ba zai kuɓuce ba, amma ba matsewa ba.

Tsoro yana sa mutum ya ƙanƙame kan keke, ya miƙe hannuwa, ya ja jiki can baya. Hannu a miƙe ba ya shanye bugu, kowane dutse sai ya girgiza jiki duka. Jan jiki baya kuma yana ɗauke nauyi daga tayar gaba, ita kuwa ba ta kama ƙasa sai da nauyi, sai ta zame a kwana. Damtse ma yakan ƙage har yatsa ya kasa jan birki. Idan ka ji haka, saki dogon numfashi, ka motsa yatsunka, ka bar keken ya yi ta rawarsa a ƙarƙashinka. Aikinka shi ne alkibla da gudu.

Shugaban da ke ƙanƙame kowane ƙaramin aiki yana gajiya, mutanensa kuma su daina tunani. Idan za ka ba wani aiki, tsayar da abu uku a fili: sakamakon da ake so, iyakar kuɗin da za a kashe, da ranar kammalawa. Sa lokaci ɗaya ko biyu na dubawa a tsakani. Yadda zai bi ya yi, bar masa.

Birki da kwana

Da farko san wane hannu ne na birkin gaba. A kekunan Amurka da yawancin Turai hagu ne, a na Ingila dama ne, kekunan gwanjo kuwa daga ko'ina suke zuwa. Gwada kana tura keken da ƙafa kafin ka hau.

Birkin gaba shi ke yin mafi yawan aikin tsayawa, kashi biyu cikin uku ko fiye, domin da zarar ka rage gudu nauyi gaba yake komawa. Sababbin mahaya suna tsoronsa sai su dogara da na baya, tayar ta kulle ta riƙa jan ƙasa, taya a kulle kuwa ba ta tsayawa da wuri kuma ba ta jin juyi. Ja layi a ƙasa. Taho da gudun kusan kilomita 15 ka tsaya da na baya kaɗai, ka sa alama inda ka tsaya. Maimaita da na gaba kaɗai, kana matsawa sannu a hankali ba fizga ba, diddige ƙasa, ƙugu ya ɗan ja baya daidai lokacin matsawa. Sannan duka biyun. Sau goma kowanne. Tazarar da ke tsakanin alamomin za ta cire maka shakka.

Kamun da taya ke yi wa ƙasa yana da iyaka, kuma birki da juyi daga wannan kamun guda suke ci. Idan ka kashe shi a birki babu sauran na juyawa. Don haka ake gama rage gudu a miƙaƙƙen wuri kafin kwana, a saki birki, a kwantar da keken cikin kwanar fiye da yadda jiki ya kwanta, a danna fedar waje ƙasa, a juya kai wajen mafita. Wanda ya shiga da gudu ya kama birki a tsakiya, keken zai miƙe tsaye ya nufi waje, ko tayar gaba ta zame. Gara ka shiga a hankali ka fita da gudu.

A doguwar gangara kuma kada ka yi ta jan birki kaɗan-kaɗan ba saki. Faifan zai yi zafi, kamu ya ragu, daidai lokacin da ka fi bukatarsa. Kama da ƙarfi inda ƙasa ke da kyau, ka saki ya huce.

Wannan darasin ya fi kowanne amfani a harkar kuɗi, kuma shi aka fi yi wa sakaci. Yawancin kwanonin rayuwa sanannu ne tun daga nesa: haihuwa, aure, ritaya, ƙarewar kwangila, watannin da kasuwa ke sanyi. Rage kashe kuɗi da ɗaukar alkawari wata biyu ko uku kafin su iso, lokacin da kake da zaɓin abin da za ka rage. Mai gini ya auna kuɗinsa da zanen gidan kafin a haƙa harsashi. Rage ɗaki biyu a takarda ba ya cin komai, amma kuɗi su ƙare ana kan linta, damina ta sauka a kan bulo ba rufi, asara ce biyu. Kafin ka shiga ciniki ko neman ƙarin albashi, tsayar da mafi ƙarancin abin da za ka karɓa ka rubuta shi, don a tsakiyar magana kunya da zafin rai ba sa barin lissafi. Idan kuma ka riga ka shiga, ka bi tsarin har ka fita. Sauya shawara kowace safiya yana rikita ma'aikata fiye da tsari mai ɗan rauni da aka bi har ƙarshe.

Jan birki ba saki shi ma yana da kama a aiki: mutum ba ya aiki da gaske, ba ya hutawa da gaske, waya a hannu dare da rana. Sa awannin aiki su zama na aiki, ka kuma ware yini ko rabin yini da ba a taɓa shi.

Hawa

Sauya zuwa giya mai sauƙi kafin tudu ya kama, ba bayan ƙafa ta yi nauyi ba. Sauyawa ana tsaka da danna feda da ƙarfi yana sa sarƙa ta yi ƙara, ta tsallake, ko ta tsinke. Idan dole ne a tsakiyar hawa, sassauta ƙafa na rabin juyi ka sauya. Nemi juyin feda 70 zuwa 90 a minti. A tudu mai tsayi matsa gaban sirdi, ka sauke ƙirji wajen kan keke don kada tayar gaba ta ɗaga. Kada ka miƙe tsaye a kan tsakuwa, tayar baya za ta yi ta juyawa a banza.

Fara dogon hawa da ƙarfin da za ka iya magana da cikakkiyar jimla. Zai yi maka kamar ka yi sanyi da yawa, wasu ma su wuce ka, amma da dama za ka tarar da su a gaba suna tura keke.

Abinci ma kafin bukata ake cin sa. Sukarin da jiki ya adana yakan ɗauki kusan minti 90 na aiki mai ƙarfi. A tafiyar da ta wuce haka, fara ci tun cikin awa ta farko, abincin da ke ɗauke da giram 30 zuwa 60 na sitaci ko sukari duk awa. Ayaba ɗaya na ɗauke da kusan giram 25, ƙananan dabino shida zuwa takwas na ɗauke da giram 30 zuwa 40. Ruwa mililita 500 zuwa 750 a awa, fiye da haka idan ana zafi, da ɗan gishiri a ciki. A bazara fita da asuba ka dawo kafin rana ta take. Yunwa hankali take fara taɓawa kafin ƙafa, shi ya sa gogaggun mahaya ke ƙara hattara a ƙarshen tafiya, lokacin da ido ya gaji kuma zuciya ta riga ta koma gida.

A aiki, nemi ƙarin hannu ko ƙarin wa'adi da zarar ka hango nauyin, tun roƙon yana da daraja. Kada ka sa hannu a takarda mai muhimmanci ko ka amsa saƙon da ya ɓata maka rai kana cikin gajiya ko yunwa. Bar shi ya kwana.

Akwai kuma inda rashin gudu ne haɗarin. A yashi mai zurfi ko filin duwatsu, keken da ke rarrafe shi ke tsayawa ya kife. A yashi ja nauyi baya kaɗan, ka sa giya mai sauƙi, ka ci gaba da juya feda ba tsayawa, kada ka taɓa birkin gaba, kada ka juya kan keke da ƙarfi ko da ya ɗan karkace. Aikin da ya shiga mawuyacin wuri, kamar rubutun kammala karatu ko bin bashi, gara a taɓa shi minti talatin kullum da a ajiye shi wata guda ana jiran ranar da za a samu sarari.

Wurin da ya ba ka tsoro

Za ka iso gangaren dutse ko tsalle da ba ka taɓa bi ba. Tsaya, ka janye keken daga hanya don na baya, ka taka wurin da ƙafa. Duba abu uku: inda za ka shiga da gudun da ya dace, layin da taya za ta bi, da abin da ke jiranka a ƙasa. Mutane sukan manta na ukun, su sauka lafiya su faɗa kwanar da ba su gani ba. Idan akwai wanda ya san wurin, kalli yadda ya bi da inda ya saki birki.

Sannan tambayi kanka: na taɓa yin ƙaramin irinsa har ya zama ba komai? Idan na kuskure, ƙujewa ce ko karaya? Akwai wanda zai kai ni asibiti? Wuraren wasan keke irin na Whistler a Kanada suna yi wa hanyoyi launi gwargwadon wahala, kore, shuɗi, baƙi, suna kuma shawartar mahayi ya fara bin hanya a hankali don ganinta, ya sake bi don saninta, kafin ya ƙara gudu. Tsalle ma haka: matakalar santimita 20 har sai ta gundure ka, sannan 40, sannan 60.

Kana iya tahowa har bakin wurin ka tsaya, sau ɗaya, sau biyu. Idan a karo na uku ma hannu ya kama birki, bar shi sai wata rana, ka tura keken ka wuce. Babu abin kunya a nan, kuma duk abokin da ke zuga ka a irin wannan wuri ba abokin tafiya ba ne. Amma idan ka yanke za ka shiga, shiga gaba ɗaya. Mafi munin faɗuwa ita ce ta mai rabin niyya, wanda tayar gabansa ta riga ta leƙa sannan ya fizgi birki, sai ya wuntsila ta saman kan keke.

Barin aikin albashi don kama sana'a, karɓar bashin banki, buɗe shago na biyu, duk a bi su da wannan tsari. Je ka zauna da wanda ke yin sana'ar, ka tambayi watan da ta fi wahala da abin da ya fi cin kuɗi. Gwada da jarin da idan ya salwanta tukunyar gida ba za ta daina tafasa ba. Sa ranar yanke shawara. Idan ranar ta zo zuciya ba ta natsu ba, faɗa wa waɗanda abin ya shafa a fili cewa ka fasa a yanzu. Abin gudu shi ne a kama hayar shago, a biya shekara, sannan a ji tsoron zuba kaya.

Bayan faɗuwa

Kada ka zabura ka miƙe don kunyar masu kallo. Tsaya ka ji jikinka: kai, wuya, ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji, wuyan hannu. Idan kai ya bugu kuma akwai jiri, amai, ruɗewa ko ciwon kai mai ƙaruwa, tafiya ta ƙare, asibiti za a nufa. Hular kwanon da ta sha bugu mai ƙarfi a sauya ta ko da ba a ga tsaga ba, don soson da ke ciki sau ɗaya yake matsewa. Duba keken: kai ya karkace? Birki na kamu? Ɗan ƙarfen da ke riƙe da masauyin giya na baya ya lanƙwashe? Idan ya lanƙwashe kada ka sa giya mafi sauƙi, zai iya shiga cikin wayoyin taya.

Daga nan koma baya da ƙafa ka bi sawun tayarka. Sanadin ba kasafai yake inda ka faɗi ba. Yawanci yana mita 5 ko 10 a baya, inda ka shigo da gudu, ko ka bi layin da bai dace ba, ko ido ya sauka ƙasa. Idan lafiyarka ƙalau, sake bin wurin a hankali a ranar, kafin tsoro ya yi saiwa.

Idan ciniki ya ɓaci ko aiki ya rushe, zauna da waɗanda suka yi shi cikin kwana biyu, tun ba a manta ba. Tambayi yaushe aka fara ganin alama, wa ya gani, me ya hana a faɗa, wace shawara aka yanke a lokacin da wane bayani. Idan zaman ya koma neman mai laifi, gobe ba wanda zai ƙara kawo labarin alama. Fita da gyara ɗaya tak, da sunan mai yin sa da rana.

Tafiya tare, da lokacin juyawa

A gasar Cape Epic ta Afirka ta Kudu, wadda aka fara a 2004 kuma ake yin ta kwana takwas, mahaya biyu-biyu suke shiga, kuma doka ta hana su rabuwa da fiye da minti biyu. Ƙarfin na gaba ba shi da amfani idan na baya ya ƙare, don haka mai ƙarfin ne ke tare iska, shi ke daidaita gudu. A tafiyar abokai ana jira a kowace mararraba, kuma kada a tashi da zarar na ƙarshe ya iso. Waɗanda suka riga shi sun huta minti biyar, shi bai huta ko ɗaya ba. A ba shi lokacin shan ruwa. Sabon ma'aikaci ko yaron shago ma a auna nauyin da ake ɗora masa da inda ya kai, a kuma tambaye shi a keɓe, don a gaban mutane zai ce ya gane ko bai gane ba. A hanya mai ƙunci mai gangarowa ne ke kaucewa mai hawa, domin tashi daga tsaye a tsakiyar tudu ya fi wuya.

Kafin ku bar gida ku tsayar da lokacin juyawa, ku faɗa wa wani inda kuka nufa da sa'ar da za ku dawo. Lissafa shi daga faɗuwar rana zuwa baya, ka ƙara awa ɗaya don faci ko ɓatan hanya. Idan lokacin ya yi a juya, ko da ƙololuwar dutsen na gani kusa. A jaka a samu tib na biyu, famfo, kayan faci, alanki, mahaɗin sarƙa, fitila, bandeji da waya mai caji. Sabuwar harka ma a sa mata irin wannan iyaka tun ranar farko, a rubuce: idan ta ci naira kaza, ko ta kai wata kaza ba ta fara biyan hayarta ba, za a zauna a duba ko a rufe. Ba wa wani amintacce kwafin takardar, mutumin da ba shi da kuɗi a cikin harkar kuma ba ya jin nauyin tuna maka idan ranar ta zo.